Malama Balaraba da Albarkar Joy

Wata Laraba ce a tsakiyar damina. Hadari ya haɗo ta wajen Nukkai tun da hantsi, baƙi ƙirin, amma ya ƙi zubowa. Malama Balaraba ta fito daga gidanta na Sintali yadda ta saba kowace Laraba, shekara da shekaru: laima a hammata, babu alli babu littafi. Sauran ranaku tana koyar da darasin kasuwanci a aji. Ran Laraba kuwa ajin ne ke bin ta Kasuwar Jalingo, inda Inna Umma mai kayan miya ke ara musu gefen rumfa. Ɗalibai su sari tumatir, su kasa, su sayar da bakinsu.

Ran nan kuwa akwai matsala. Sabon shugaban makaranta ya ce wannan yawo ne, ba karatu ba. Zai turo mataimakinsa ya gano masa. In kaya suka kwana, an soke fita kasuwa ke nan.

Kuma layin sayarwa ya zo kan Joy, yarinyar da aiki ya kawo mahaifinta Jalingo bara. Hausarta tsintacciya ce, a aji ko kai ba ta ɗagawa.

"Malama, yau fa?" in ji Siddiq, ɗan ajin da ya fi kowa baki. "Ki bar ni in tsaya. Kafin ruwa ya sauko na share rumfar nan."

"Kai ai ka iya," in ji ta. "Wanda bai iya ba na kawo kasuwa."

Ta koma baya ta tsaya, don ƙa'idarta ce ba ta sa baki a cinikin ɗalibi. Mai saye ya zo ya taya. Joy ta yi murmushi ta ce, "Albarka!" Ya wuce. Wata ta zo ta taya. "Albarka!" Ita ma ta wuce. Haka aka yi ta yi, tumatir yana nan jajir kamar an dasa shi. Iska ta taso. Ga mataimaki ya iso, ya harɗe hannuwa yana kallo.

Waɗanda ke wurin sun ce sun ga Malama tana murɗa bakin mayafinta. Kalma ɗaya za ta faɗa, ko ta tura Siddiq, a wuce wurin. Sai ta zagayo ta gaban rumfa kamar baƙuwa.

"Mai tumatir, nawa kashi?"

Joy ta faɗa. Malama ta taya. "Albarka, Ma!" Malama ta juya abinta.

"Ma, ina kana tafiya? Na ce albarka, ka ɗauka mana!"

Inna Umma ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Wayyo 'yar nan! Ashe da addu'a kike korarsu! A kasuwa albarka ai ban sayar ba ce. In kin yarda, cewa za ki yi na sallama."

Joy ta zabura ta bi wani dattijo da ya taya ɗazu, tana ihu, "Baba, dawo! Na sallama!" Nan ruwa ya ɓalle. Yara suka ruƙunƙume kwanduna, iska ta fizge laimar Malama, kwando ɗaya ya kife a kwata. Duk da haka ciniki bai tsaya ba, murya ta buɗe wa yarinya.

Da kashi na ƙarshe ya rage, mataimaki ya matso da kansa, ya yi tayin wulaƙanci. Joy ta dube shi ido cikin ido.

"Albarka, yallaɓai."

Dole ya ƙara. Ba a soke Laraba ba.

Malama, ke ce uwar masu nauyin baki. Ke ce kika gwammace a rufe darasinki da ki ture yarinya gefe. Irinmu da benci bai riƙe ba, da mun gamu da ke da wuri, wataƙila da ba mu tsallake katanga ba. Useko, mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Amma hankali bai kwanta ba. Ƙarshen wannan zango Malama za ta yi ritaya, kuma har yau babu malamin da ya ce zai karɓi Laraba. Malamai, rumfar Inna Umma tana nan. Don Allah wani ya tashi ya karɓa.

Ga abin da aka rasa ran nan: kwando ɗaya na tumatir, laima ɗaya, da takalmin Malama ƙafa ɗaya da ruwa ya tafi da shi. Ɗalibi ko ɗaya ba a rasa ba.