Makullin Babur a Cikin Rumbu

Wata ranar Alhamis ce cikin kaka, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na taka turmi na jefa makullin babur ɗin mahaifina cikin rumbun gero. A lokacin ƙanwata Ummi tana kwance a ɗakin Inna tana kukan ciwon ƙashi, idanunta sun yi rawaya, Baba kuma ya shiga sa riga domin ya kai ta asibiti a Gumel. Na daɗe ina shakkar rubuta wannan, don ban tabbata za a fahimce ni ba.

A ƙauyenmu da ke kusa da Sule Tankarkar, abin da ya ɗauke mana hankali a shekarar shi ne katin dodanni. A cikin cingam ake samun su, tsarabar masu zuwa kasuwar Maigatari. Kowane kati da dodonsa, akwai jimina mai ƙahon rago, akwai kunama mai fukafukin fara, kuma burin kowa ya tara su duka. In mun gama ɗebo ruwa da yi wa awaki ciyawa, sai mu haɗu a gindin tsamiyar bayan makaranta mu jera katunan, a bugi ƙasa da tafin hannu, wanda ya kife ya zama naka. Rubutun jikinsu Faransanci ne, don haka Sabi'u, ɗan ajinmu da ya taɓa zama wurin kakarsa a Damagaram, shi yake karanta mana. Ko ya iya ko bai iya ba, Allah ne masani.

Kati ɗaya ne ba ma son ya kwana a aljihunmu. Yarinya ce mai ƙaho da kofato a cikin ƙatuwar kwalba, wasu masu fararen riguna suna tsaye a bayanta. 'Yar-gauraye muke ce mata. "Da mutum ce," in ji Sabi'u. "Jinin dodo suka ɗura mata. Na farko ba ya komai, na biyun ne ke fito da ƙaho, daga nan sai kwalba." To, Ummi da sikila aka haife ta, kuma an riga an ƙara mata jini sau ɗaya da damina. Da idona na ga ledar a rataye, na ga masu fararen rigunan. Tun daga ranar da na ji maganar Sabi'u, kullum da safe sai na shafa kanta, in ce ƙwarƙwata nake duba mata. Ban gaya wa kowa ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ranar kasuwa ce, duk masu babur a garin sun tafi Maigatari. Baba ya ɗaga tabarmi, ya zazzage aljihu, Inna ta tone har tokar murhu. Ni ina maƙale a bayan rumbun ina addu'ar kada a gani. Can rana ta take, sai kukan Ummi ya ɗauke. Inna tana kiran sunanta, ba ta amsawa sai da ido. Wannan shirun ne ya fito da ni. Na rungume ƙafar Baba ina cewa kada ya bari a sa mata na biyu, ƙaho zai fito mata. Ya dube ni ya ce, "Habu, ina makullin?" Na nuna masa. Bai tsaya ɗaga jinka ba, gatari ya ɗauka ya fasa cikin rumbun da ya gina da hannunsa. Matan maƙwabta suka duƙa suna kwance dammunan gero ɗaya bayan ɗaya, kaji suna bin tsaba ta tsakanin ƙafafunsu, har Allah ya sa makullin ya faɗo.

Kwanansu huɗu a Gumel, kwana huɗun nan ban iya haɗiye tuwo ba. Da suka dawo na tsaya jiran bulala. Sai Baba ya cire hula, ya kama hannuna ya ɗora a kansa. "Jinin farko nawa ne, na biyu ma nawa ne," ya ce. "Shafa sosai. Ka ji ƙaho?"

Yanzu na karanta ilimin halittu a jami'a, na san sikila gado ce, na kuma fahimci wataƙila ba ainihin jininsa aka sa mata ba, musanya ake yi da wanda asibiti ya ajiye. Ban taɓa faɗa masa ba har ya rasu. Yaran garin sun koma kama dodanninsu a waya, tsamiyar babu kowa. Ummi tana raye, tana koyar da ɗinki, sai dai tana ɗingishi. Likitoci sun ce cutar ce ke cin ƙugu, ba jinkirin ranar ba, ina kuma ƙoƙarin yarda da su. Duk sanda na je gida takan sunkuyo mini da kai ta ce, "Yaya, duba mini, ko ya fito?" Kowa ya yi dariya, har ni. Amma har yau ban taɓa ƙin dubawa ba.