Babban Yatsan Mai Allurar Kifi

Kafin rana ta yi zafi take gama aikinta, don kifi ba ya jure wahala a cikin ruwa mai ɗumi. Da gari ya fara wayewa za ka ji ta tana zuba ƙanƙara a kula, ta jera kwalaben rigakafi, ta ɗauki bindigar allurarta ta fita. Matar yayana ce. Masu gonakin kifi suna ce mata Mai Allura. Ni Yaya nake ce mata idan ina neman wani abu, in ba haka ba Uwar Karfasa. Ita kuwa Sarkin Gaggawa take kirana tun ranar da aka kawo ta gidanmu, kuma ban ce ta yi mini ƙazafi ba.

Mutane da yawa dariya suke yi idan aka ce ana yi wa kifi allura. Wanda ya taɓa wayar gari ya ga karfasarsa tana juyi a saman ruwa kamar mai jiri, ido ya firfito ya yi fari, ba ya cikin masu dariyar. Ƙwayar cuta ce, idan ta shiga tafki ba ta barin na nunawa. Aikin Yaya shi ne ta riga ta zuwa. A kamo kifi a sa a bahon da aka ɗiga man kanumfari, su yi barci, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta soka allura a ƙasan ciki, a mayar da su ruwa mai kyau su farfaɗo. Haka ta yi shekara da shekaru, a tsaye, hannu a jiƙe.

Akwai maganar da ba ta gajiya da faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da teburinta. Maganin rigakafin nan da mai a cikinsa. Idan ya shiga yatsan mutum, naman wurin yana iya mutuwa. "In ya soke ka, ka ajiye komai, ka ɗauki kwalbar ka tafi asibiti. Ba a jira." Mun ji har mun haddace.

Shekarar da ciwon ya shiga gonakin maƙwabtana, iyayen kifina ne a raina. Su na daɗe ina zaɓa ina warewa, daga su duk ƙananan da nake raino suke fitowa. Yaya ta zo da sassafe, ta dube su, ta ce zafi ya galabaitar da su, don haka za ta rage maganin barcin kada ya fi ƙarfinsu. Muka fara. Ina miƙa mata, tana sokawa, matata tana karɓa tana sakawa a tankin farfaɗowa.

Muna cikin zubin ƙarshe wata babba da barcinta bai yi nauyi ba ta fizge. Na ji ƙarar bindigar, na ga kifin ya faɗi ƙasa, allurar kuma tana cikin safar hannun Yaya, a gindin babban yatsanta na dama.

"Ya shiga?" na tambaye ta.

Ta cire safar ta duba. "Ya shiga. Duka."

Na ruga ɗaki na ɗauko makullin mota, na dawo na tarar ta durƙusa a gaban baho. Waɗanda suka rage a ciki sun daɗe fiye da kima, sun juya ciki sama, kumatunsu da ƙyar suke motsi.

"Tashi mu tafi, Yaya."

"In ka juye su haka a tanki, nutsewa za su yi su mutu. Sai an tashe su da hannu."

"Su mutu mana. Ke kika ce ba a jira."

"Sarkin Gaggawa, surutunka ne yake cin lokacin. Kawo ruwa."

Ta ɗaga hannun dama sama, ta sa na hagu ta kama kifi, tana tura shi gaba a hankali cikin ruwa mai kyau don ruwan ya bi ta bakinsa, har ya kaɗa jela ta sake shi. Ta nuna wa matata, ta nuna mini. Ni kuwa kifin sai suɓuce mini suke. Duk ɗagowar da na yi, yatsan ya ƙara kumburi. Daga ja ya koma wani launi da ban so ba. Gumi yana zubo mata, ta cije leɓe. Na roƙe ta, na yi mata tsawa, na ce zan kira Yaya babba ya zo ya ɗauki matarsa. Ko kallona ba ta yi ba. Sai da na ƙarshen ya yi iyo da kansa ta miƙe, ta ce wa matata, "Miƙo mini kwalbar nan."

A hanya ta daina magana. Wannan ya fi komai tsorata ni, don matar yayana ba ta taɓa shiga motata ba tare da ta kushe tuƙina ba.

A asibiti likita ya karɓi kwalbar ya karanta, ya tambayi tun yaushe, na faɗa masa, sai ya sa aka shiga da ita. Suka tsaga yatsan suka wanke. Yayana ya iso, ni da shi muna zaune a benci, ya ƙi dubana, ni ma na kasa duban sa. Da likitan ya fito ya ce ba za a yanke ba, amma kada mu sa rai zai sake lanƙwasuwa. Na ce da mun zo da wuri fa? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma da ya fi so.

Ciwon ya zagaye gonata ya wuce, iyayen kifina suna nan da jikokinsu. Yatsan kuwa ya sandare. Ta koya wa hannun hagu riƙe bindiga, ta ƙara shekaru tana aiki, har bana da kafaɗar ta ce ta gaji, ta ajiye.

Ke ce kika tsaya tsakanin cuta da abincin gidaje masu yawa, Yaya, kuma yawancin masu cin kifin ba su san da ke ba. Ke ce ba ki taɓa soka wa kifi allura da wulaƙanci ba, ko da na ƙarshe ne a baho kuma ƙafa ta gaji. Masu tasowa a sana'ar nan su je su zauna kusa da ke, su koyi natsuwa da tausayi da riƙon amana. Su kuma ji maganar asibitin nan da kyau, su bi ta fiye da yadda mai maganar ta bi.

Na gode, matar yayana. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Amma ki sani har yau ban huce ba. Da za a dawo da wannan safiyar, wallahi cak zan ɗauke ki in saka a mota, kifin su mutu.