Turmin Umma da Motar Baba

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku labarin yadda kakata ta gyara mota ba tare da ta taɓa sifana ba. Ni dai ban yi nisa a boko ba, aji shida na tsaya, amma abin da kunnena ya ɗauka tun ina 'yar shekara tara yana nan daram. Ko tari aka yi a cikin zancen, zan iya maimaita muku shi.

Gidanmu a Kurmin Sarki yake, nan Suleja. Tsakar gida mai faɗi, mangwaro ɗaya, murhu a gindin katanga. Kullum in an sauke tuwo an yi Magariba, Iya, wato mahaifiyar Babanmu, takan ja tabarmarta bakin murhu tun garwashi bai mutu ba, ta jera masara a kai, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu. Mutuniyar Chaza ce, da ɗaukar ruwa da itace ta girma, kafaɗarta har kanta ta yi. In za ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga wata nan ta taso daga Chaza a ƙafa, ta gaji, tana neman masauki." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata, Iya!"

Abu ɗaya nake so ku riƙe: Baba ɗan farinta ne. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. Kunya ce irin ta mutanen da. In tana da saƙo gare shi, ga shi tsaye a gabanta, sai ta juya ta faɗa wa kaza. "Ke wake-wake, ki gaya wa mai gidan nan rufin ɗakina yana yoyo." Shi kuma ya ba mangwaro amsa.

Baba masinja ne a wani ofis a Abuja, yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da yake ji da ita kamar amarya. Sai ta tsiro da wata ƙara. Da ta taka rami ko tudu sai ka ji ƙwal-ƙwal, gwaram, daga ƙarƙashinta. Ƙannen Umma na Tafa suka raɗa mata suna Kalangu, wai tun muna kan kwana suke jin kiɗa su fara ɗaura ɗankwali. To ga shi an haihu a gidan su Umma, ranar Lahadi suna.

"Malam," in ji Umma, "ni fa ba zan sake shiga dangi a cikin ganga ba. Ka kai ta gareji."

"Gareji? A kan roba biyu?" Baba ya yi dariya. "Bushin ne kawai ya cinye. A gabana makanike ya canza wa motar oganmu, ko minti goma bai yi ba. Simol wok ne. A tsakar gidan nan zan yi shi."

Ya zo da robobin ranar Juma'a, baƙaƙe guda biyu, kowace kamar an tsaga ƙosai a gefe. Ya yi mana bayani kamar malamin makaranta: akwai wata sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafar gaba ta hagu da ta dama, sitabilaiza ake ce mata. Robar ce ke rungume sandar, wani ɗan ƙarfe mai noti biyu ya danne ta a jikin mota. In robar ta cinye, sai ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe.

Iya tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce wa kaza, "Ashe gammo ne."

Asabar da sassafe ya shigo da motar ƙarƙashin mangwaro. Jak ɗaya gare shi, ya ɗaga ɓangaren hagu, ya cire taya, ya shige. Cire tsohuwar robar bai ba shi wuya ba, ya fito da ita a ragargaje yana nuna wa kowa. Sabuwar ma ta hau sandar. Mayar da ɗan ƙarfen ne ya gagara. Sandar ta ƙi kwanciya a mazauninta, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Ya danna da hannu, ya danna da ƙafa, ya sa taɓaryar Umma ya banƙara. Azahar ta yi, La'asar ta yi. Ya buga da dutse, ya fasa babban yatsa. Ya tsine wa wanda ya sayar masa da robar, ya tsine wa wanda ya ƙera motar har da kakanninsa.

Umma ta zo wucewa da tsintsiya, ta ce a hankali, "Gareji dai bai tashi daga inda yake ba."

Daga ƙarƙashin mota muka ji, "Ke da ba ki san komai ba sai turmi, me kika sani a mota?"

Umma ta ajiye tsintsiya. "To, ni da turmina mun gode. Gobe da hantsi in motar nan ba ta sauko ba, acaɓa zan hau." Ta shige ɗaki. Can sai ga jaka a bakin ƙofa, ba 'yar ta hannu ba, babbar Gana-mas-go ɗin nan da ake zuba kayan wata guda. Ko ƙaramarmu ta gane wannan ba jakar zuwa suna ba ce.

Da aka yi Magariba Baba ya koma ƙarƙashi da tocila a baki. Mu muka zauna bakin murhu jiki a sanyaye. Sai Iya ta ja tabarmarta, amma ba inda ta saba ba, ta zagaya da ita gefen murhun da ke kusa da tayar da aka cire. Ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga wata nan ta taso daga Chaza, yau da gudu ta zo."

"A shimfiɗa mata, Iya."

Wai an yi wani mutum, sunansa Na-Sani, mai ɗaukar ruwa da taula, sandar nan da ake saɓawa a kafaɗa da garwa a kowane gefe. Gammonsa ya cinye, duk takun da ya yi sai ƙashin kafaɗarsa ya ce ƙwal-ƙwal, har 'yan matan gari suna bin sa da rawa. Ya samo sabon gammo. Da ya je rafi, maimakon ya sauke kayan, sai ya ɗora garwa ɗaya a kan dutse, ya bar ɗayar tana reto cike da ruwa. Sanda ta lanƙwashe, ta cije masa kafaɗa. Ya tura gammo, gammo ya ƙi shiga. Ya buga da dutse, ya fasa yatsa. Ya tsine wa mai gammo, ya tsine wa bishiyar da aka sari sandar.

Nan na lura ƙarar sifana ta tsaya.

Iya ta juya masara, ta ci gaba. Wai sai wani tsohon kwaɗo ya leƙo daga taɓo ya ce, "Bawan Allah, sanda ɗaya ce fa ta haɗa su. Ka ɗaga ɗaya ka bar ɗaya, ai murɗewa za ta yi. Ɗora su daidai, ka ga in ba ta saki ba." Na-Sani ya ce, "Dutse ɗaya gare ni." Kwaɗo ya ce, "Matarka ba ta da turmi?"

"Iya," na ce, "a rafi ina zai ga turmin matarsa?"

"Ke, ci masararki. Rafin a tsakar gidansu yake."

Sai ga ƙafafun Baba suna jan ƙasa. Ya fito, fuska baƙi ƙirin da mai, ya cire tocila daga baki, ya dubi mangwaro ya ce, "Wai kwaɗon nan a wane gareji ya yi koyo?"

Kaji sun riga sun kwanta, don haka Iya ta dubi toka. "A gaya wa mai tambaya, kwaɗo yana zaune yana ɓarar gyaɗa aka ɗaga gefe ɗaya, da idonsa ya ga sanda ta murɗe. Kuma ya ɗauki ruwa da taula tun wasu suna goye."

Baba ya sosa ƙeya. Can ya ce wa mangwaro, "Motar oga ma a kan ramin gareji aka gyara ta. Ƙafafunta biyu a ƙasa suke."

Saura babban aikin. Ya je ƙofar Umma, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Maman Ladi. Ƙaramin turmin nan naki na jajjage, yana wani aiki ne?"

"Wane turmi? Wanda bai san komai a mota ba?"

"Shi."

"Ai ga shi can. Shi aka zaga, sai ka tambaye shi."

Wallahi da idona na gani. Babanmu, mutumin da ke shiga ofisoshin manya a Abuja, ya je gaban turmi ya rusuna ya ce, "Turmi, ka yi haƙuri, zafin aiki ne." Dariyar da Umma take dannewa ta ƙwace mata daga bayan labule. Da kanta ta fito ta mirgino shi, ta karɓi tocilar.

Ya kifa turmin a ƙarƙashin ɓangaren hagu, ya sauke motar a kai, ya zagaya da jak ya ɗaga na dama har suka yi daidai. Sandar nan da ta wuni tana gardama sai ta kwanta luf. Da yatsu ya fara ɗaura notin. Roba ta biyu ta ɗan yi tauri, Umma ta kawo ruwan sabulu aka shafa, ta zame ta shige. Kada dai wani ya ce Ladi ta ce a shiga ƙarƙashin mota a kan turmi. Allah ne ya tsare, kuma turmin na ƙirya ne. Har yau yana nan da tabon a gindinsa.

Iya ta naɗe tabarma ta ce, "Ta ci ta sha ta koma Chaza. Na bakin murhu sun ji, na ƙarƙashi ma sun ji."

Washegari muka tafi Tafa, Umma da 'yar jakarta ta hannu. Baba bai bar rami ko ɗaya ba, da gangan yake bi ta kansu yana satar kallonta. Shiru kake ji. Muka tsaya ƙofar gida babu wanda ya leƙo, har sai da Umma ta ce, "Malam, danna ham mana, su fito su gani."

Na daɗe ina zaton darasin tatsuniyar nan na jak ne da sanda. Sai bayan Iya ta rasu, na yi aure, na ga yadda magana ƙarama ke zama gwaram tsakanin mutum biyu, sannan na gane wace ce robar gidanmu. Shekara da shekaru tana tsakanin ƙarfe da ƙarfe, tana cinyewa a hankali, mu kuwa shirun kawai muke ji, muna zaton haka gida yake.

Abin da ya tuno min da duk wannan, yanzu haka da nake ba ku labarin, maigidana yana tsakar gida a ƙarƙashin motarsa. Ya jingina waya da dutse, wani Bature yana koya masa a bidiyo. Tun hantsi yake can, gefe ɗaya a sama, kuma ya riga ya tsine wa mai robar sau biyu. Turmina yana kicin, yara sun dawo daga Islamiyya. Ku in ku ne ni, za ku leƙa ku faɗa masa kai tsaye, ko in hura gawayi in kira yaran?