Faifan Gari a Ƙarƙashin Hadari

Jikata da ke karatu a Maradi ta ce mini akwai masu auna giza-gizan wasu duniyoyi, su san girman ƙwayoyin da ke ciki da abin da aka yi su da shi. Na ce to. Ita ce ma ke rubuta wannan.

A gidanmu, arewa da Dakoro, da faifai ake yi. In ruwan farko ya sauko, uwata takan baza gari a faifai, ta miƙa shi waje, ta janye. Kowane ɗigo sai ya dunƙule. In dunƙulen ya kai wake, kuma fari ne, hadarin na da ciki. In ƙanana ne, jajaye, to rairayi ya fi ruwa yawa a sama.

Shekarar da mai gidana ya rasu, irin da ya rage mana tulu guda ne, na liƙe bakinsa da laka. Shibka ɗaya zai yi, babu ta biyu.

Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Na fitar da faifai. Dunƙulen kamar ƙwayar hatsi, na tauna ɗaya, ya yi ƙaras a haƙori.

Babban ɗana ya shigo da sungumi a kafaɗa.

"Inna, kowa ya fita gona."

"Su fita."

"Yau kuma tuwo za mu tambaya ko mu yi shibka?"

Na ja tabarma na zauna jikin tulun. Ya juya ya fita.

Gonakin maƙwabta suka yi tsiro. Shi kuwa ya daina cin abincina, a wurin abokansa yake ci. Sai rana ta buɗe, ta daɗe. Tsiron tudu ya ƙone. Na kwari ya rayu, kuma gonarmu rabinta kwari ce. Wannan ma sai da ɗana ya goranta mini.

Da hadari na biyu ya zo, shi ya ɗauko faifan, bai dube ni ba. Dunƙulen manya, farare. Na fasa lakar.

Mun makara, hatsin bai yi yawa ba. Amma da kaka na cika tulun, na sake liƙe shi.