Dutsen da Ke Ƙarƙashin Rumbu

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Dayi ita ce shekarar da aka shafa wa zaurena jan fenti. Na haura arba'in a lokacin. Da hannuna na buga tubalin zauren nan, a cikinsa keken ɗinkina yake, kuma da shi muke ci idan an gama aikin gona.

Ma'aikatan tsara gari ne suka zo, suka ja igiyar awo, suka ce zauren ya shiga filin hanya. Suka bar mini takarda: in rushe cikin wata guda, ko a rushe mini. Malamin ajinmu ya karanta mini ita. Ya ce dutsen alama da masu awo suka kafa a kusurwar gidana ya ɓace, shi ya sa suka miƙe igiya daga dutsen gaba zuwa na baya, ta ratsa zauren. Ya nuna mini lambar dutsen a takardar.

"Kana da damar neman a sake dubawa," in ji shi. "Amma da hannunka za ka rubuta."

Kwana uku na yi a kan layi biyar. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, in da haka kake ɗinki, da mutanen Dayi sun yi Sallah da tsumma."

Na kai takardata ofishinsu da ke Malumfashi, aka ce in jira. Jira bai taɓa damuna ba.

Ana cikin haka kazarmu ta koma yin ƙwai a ƙarƙashin rumbu. Na durƙusa zan ɗebo, sai idona ya sauka a kan ɗaya daga cikin duwatsun da rumbun ke zaune a kai, na siminti, mai kusurwa huɗu. Ni na tono shi a bakin hanya shekarun baya, na kwantar da shi a nan, ina murna na tsinci dutse mai kyau. Zanen da ke kansa a da na ɗauka ado ne. Ranar na karanta shi. Lambar takardar nan ce.

"Wa ya gani?" in ji mai ɗakina da na faɗa mata. "Kaza ce kawai, ita kuwa ba ta zuwa ofis."

Ranar sake dubawa wani dattijon mai awo ya zo, tare da mai unguwarmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawon dutsenku ga shi tsaye a gabanka."

Ya leƙa ƙarƙashin rumbun, ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Gara kai, Malam. Wani jakinsa ya ɗaure a jiki."

Na nuna inda na tono shi, mai unguwa ya shaida. Dattijon ya buɗe taswira, ya auna sau biyu, wurin ya dace. Ashe hanyar ta ɗan lanƙwasa a nan. Zaure ya tsira, rumfar gaba da dakali ne suka shiga hanya, ya ce in cire su. Ya kuma yi mini kashedi a kan dutsen, ba da dariya ba.

Sai da muka kwashe dawar rumbun kaf kafin dutsen ya fito. Ni na ɗauke shi a ka na mayar, aka kafa shi a gabana. Na kankare jan fentin, na yaɓe wurin, na koma kan kekena. Masu jiran ɗinki da suka rasa dakali, a kan dutsen suke zama yanzu, ni kuwa ba na hana su, muddin ba su girgiza shi ba.