Ruwan Lemon da Inna Ta Yaba

Shekarun baya, ban daɗe da komowa Magariya da aiki ba, na je Guci na ɗauko mahaifiyata. Ƙishirwa ta dame ta, ga rama, ga jiri idan ta miƙe. Da aka auna jininta a likita sai aka ce ciwon suga ne. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke duba ta, ya ce lallai ta zauna kusa don a riƙa awo, kuma ta yi sallama da sukari.

To Inna mace ce da ko fura ba ta sha sai ta ji zaƙi har kunne. Rana ɗaya muka hana ta shayi mai sukari, muka hana zoɓo, muka hana lemon kwalba. Ni da matata muka zama 'yan sanda a gida, ko kofi ta ɗauka sai wani ya leƙa. Ba a yi nisa ba ta rage cin abinci, ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi ta ajiye bayan ƙofa. Kullum da safe bayan mun gaisa sai ta ce, "Kai, yaushe motar Guci ke tashi?" Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Na kuwa san in ta koma ƙauye, magani ya ƙare, awo ya ƙare.

Na kai kuka wajen majo. Ya ce in dai abin sha ne ke ranta, a ba ta ƙaramin kofi na ruwan lemon zaƙi matsattse tare da abincin rana, ban da sukari ko ƙwaya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na sayo lemo a kasuwa, lokacin bazara ne, duk ya bushe, sai ka matsa har hannu ya yi ciwo kafin ka ga ruwa. Ba mu da firigo kuma da za a sanyaya shi. Inna ta kurɓa ta ji shi da ɗumi, ta ture kofin ta ce a ba akuya.

Nan na shiga zagayen kantunan gari a kan babur. Na yi karatu a Yamai, na san kantunan da ake matsa lemo a gabanka, sai nake ganin a Magariya ma ba za a rasa ba. Kowane kanti na shiga, mai shi zai buɗe firigo ya miƙo mini kwali mai hoton lemo jajir, ya rantse daga Kano aka kawo shi jiya. In juya bayan kwalin in karanta, sukari ne ke biye da ruwa. Wani ya ba ni garin da ake kaɗawa a ruwa ya ce shi ne na asali. Wani kuma ya dube ni ya ce, "Malam, lemo ai ferewa ake a tsotsa. Wa ke da lokacin matsa maka?" Abokina da muke aiki tare har suna ya sa mini, wai sufeton ruwan lemo.

Shi ɗin dai ne ya yi mini kwatancen wani ƙaramin kanti bayan tasha. Mai kantin yana da firigo mai aiki da hasken rana, kuma ƙaninsa na kawo masa lemo mai ruwa daga Najeriya. Gidansa na manne da kantin, matarsa ce ke yin zoɓo da kunun aya da yake sayarwa. Da na je na yi wa mai kantin bayani, ya ɗauko lemo ya yanka ya matsa a gabana da abin matsewa na roba, ya tace. Na ce kar a sa sukari, ya ce to. Na ɗanɗana, lemo ne tsantsa. Na ce a raina, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ya tambaye ni na wa ne. Na ce na tsohuwata ne, ba ta jin daɗi.

"Allah ya ba ta lafiya. Me ke damunta?"

"Jikin tsufa ne kawai," in ji ni.

Haka muka taso. Ba ka tsayawa a bakin kanti, mutane na shiga suna fita, ka kama sunan ciwon mahaifiyarka. Muka yi da shi kullum za a matsa da hantsi a sa a firigo, in na tashi aiki da rana in biyo in ɗauka.

Ranar farko Inna ta sha tana yamutsa fuska, ta ce da tsami amma ya fi na akuya. Washegari ta shanye duka. Daga nan sai ta fara jiran ƙarar babur ɗina. Abinci ya fara shiga, fuska ta sake, ta daina tambayar mota, ko da yake ƙunshin na nan bayan ƙofa. Duk sa'ad da ta ajiye kofi sai ta ce, "Allah ya yi wa masu kantin nan albarka." Ni kuwa na cika baki a wajen aiki, har ina ba mutane shawara a kan jinyar masu suga.

Da ranar awo ta zagayo, majo ya dubi na'urar ya dube ni. Ya ce sugan ya hau fiye da ranar da aka kawo ta. Na ji tsoro ƙwarai. Ya tambayi me take ci, na lissafa masa, ya ce akwai abin da ban sani ba.

Muna isa gida na ja matata gefe na fara faɗa. Na ce ita ce ke wuni da Inna, tausayi ne ya sa take ba ta shayi a ɓoye. Ta bar ni na gama, sannan ta shiga ta ɗauko ragowar ruwan lemon ranar ta miƙo mini.

"Tun ranar farko ka sake ɗanɗana abin nan naka?"

Ban sake ba. Ita ma ba ta taɓa ba sai ranar, don abin mara lafiya ba a sa masa baki. Na kurɓa, zaƙi ya kama mini maƙogwaro.

Na hau babur da fushi na nufi kantin. Mai kanti ya saurare ni, ya leƙa cikin gida ya yi magana, sai ga muryar matarsa daga bayan labule. Ashe tun rana ta biyu ita ke matsawa. Ya gaya mata na wata tsohuwa ce mara lafiya, ya ce kuma ɗanta ya ce ban da sukari.

"Na zaci tsada yake gudu," in ji ta. "Na ce wa zai kai wa uwa mara lafiya abu da tsami haka? Jikin tsufa ai ƙarfi yake so. Sai nake sa mata gyaran sukari daga nawa, in akwai zuma in ɗiga. Wallahi don Allah na yi."

Na rage murya na faɗi sunan ciwon. Ta yi salati, na ji tana kuka.

Da na dawo na zauna gaban Inna na ce, "Inna, kin san akwai sukari a ciki?"

"Harshena bai mutu ba."

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta gyara bakin zaninta. Sannan ta ce, "Tun da na zo garin nan kowa hana ni yake. Kai ka hana, matarka ta hana, likita ya hana. Mutum ɗaya ce ta ƙara mini, ban ma san fuskarta ba. Ita zan tona?"

Na tashi na je na ba matata haƙuri.

Washegari da hantsi matar mai kanti ta yi sallama, da lemo a kwano da ƙanƙara a leda da abin matsewarta. Ta durƙusa ta gaishe da Inna tana neman gafara. Inna ta ce, "Tashi 'yar nan, ke ce mai zumar?" Suka yi dariya. Ta matsa a gabanta, ba sukari. Inna ta sha ta ce da tsami, ta kuma shanye. Suka zauna hira har azahar, don ashe kakar matar daga wajen Dungas take, kusa da Guci, suka yi ta lissafa dangi.

Haka ta riƙa zuwa, in ba ta samu dama ba ta aiko a gaishe ta. Sugan ya sauka sannu a hankali. Ban san ranar da aka kwance ƙunshin ba, wata safiya dai na duba bayan ƙofa na ga tsintsiya ce kawai a wurin.

Yanzu in zan yi wa mara lafiya sayayya ina faɗin ciwon ƙarara, kunya ta bi ni daga baya. Amma ba wannan ne ya fi zama mini a rai ba. Na zagaye kantunan Magariya kaf ina neman abin da ba zai cuce ta ba, ban taɓa zama na tambaye ta me zai faranta mata ba. Inna ta yi shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma har ta rasu in ta ajiye kofin nan mai tsami, addu'ar ba ta sauya ba, masu kanti take sa wa albarka. Ni da na ƙona man babur ban taɓa shiga ciki ba, kuma ban ga laifinta ba.