Yaron da Aka Bari a Sawakin

A gidanmu na unguwar Anbariyya a Madina, mu jikoki ba ma ce mata Kaka sai in muna neman wani abu a hannunta. Sitti muke cewa, kamar yadda yaran unguwa ke kiran nasu kakannin. Ita kuwa ba ta taɓa amsa mana da Larabci ba, duk da ta haura shekara hamsin a Madina. Lokacin sanyi, da an idar da Magariba, sai ta sa a hau mata da kaskon gawayi saman bene, ta ɗora butar shayi, ta jefa na'ana'a, mu bakwai mu kewaye ta, kowa da bargonsa. Tatsuniyoyinta cike suke da dabbobin da ba mu taɓa gani ba, kura da dila da ɓauna. Rabin Hausarta muke ganewa, sauran rabin hannuwanta ne ke faɗa mana.

Ina ɗan shekara tara Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin sanyi. Akwai wani katun da ake maimaitawa a talabijin duk hutun Idi, an juya shi zuwa Larabci. Labarin wani yaro ne mai kunya da ya kwana biyu yana haɗa fitilar takarda don wata yarinya 'yar ajinsu. Ranar biki ya ɗauko ta ya rufe da rigarsa kada iska ta kashe, ya iso dandali, ya tarar ta riga ta karɓi ta wani. Sai ya juya, ya zauna a bakin gada shi kaɗai har fitilar ta mutu. Mun sha kallonsa, kullum dariyar tuntuɓen yaron muke yi. A wannan shekarar ban yi dariya ba.

Dalili kuwa Rakiya ce. Iyayenta mutanen Maraɗi ne, suna haya a ɗakin ƙasa na gidan da ke kallon namu, babanta yana aiki a gidan burodi. Ta girme ni da shekara guda. A kan matakalarsu take zama tana gyara mini Hausa, in na ce "hagu" ina nufin dama ta yi ta ƙyalƙyala dariya har ta riƙe ciki. Goman ƙarshe na azumi mun yi su ne a gidan kawuna a unguwar Ƙiblatain, sai daren Sallah muka dawo. Da safe na zaɓi cakulan mafi kyau a tiren baƙi, mai takardar zinariya, na tsallaka titi da sabuwar jallabiyata. Ƙofarsu a buɗe take. Babu labule, babu takalma, sai igiyar shanya. Mai gidan ya ce iƙamar babanta, takardar izinin zama, ta ƙare ba a sabunta ba, sun tafi kwana huɗu da suka wuce.

Ban gaya wa kowa ba. Amma da yamma, da yaron katun ya zauna a bakin gada, sai kuka ya ƙwace mini a gaban kowa. Yayyena suka fashe da dariya. Na gudu sama.

Na tarar da Sitti tana fifita gawayi. Ita ce sarauniyar tsokana, Maigida take ce mini, kullum tana ƙorafin ban kawo cefane ba. Ranar ba ta tsokane ni ba. Ta dubi fuskata, ta dubi cakulan da ya narke a hannuna, ta leƙa ƙofar da ke tsallaken titi.

"Zo nan, Maigida," ta ce. "Zauna jikina."

Da sauran suka hau, ta tsawatar musu da ido kawai. Ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, amma yau babu kura a cikinta."

Ta ce an yi wata yarinya da iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, za su Makka. Tafiyar shekaru ce. A yi tafiya, guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko tsinkar auduga a gonar wasu, a sake ɗaukar hanya. A cikin ayarin akwai wani yaro sa'anta. Duk inda aka yada zango, shi ke zama da allura yana cire mata ƙaya daga tafin ƙafa, yana ba ta labarin ƙarya don kada ta ji zafi. In an ba shi dabino uku, biyu nata ne. Tare suka yi wayo a hanya, har suka iso Sawakin, bakin teku, inda ake jiran jirgin ruwa.

A nan zazzaɓi ya kama yaron, ƙuraje suka feso masa. Mai jirgi ya ce ba ya ɗaukar majinyaci. Aka kwantar da shi a inuwar wani bango, babansa na zaune a kansa. Yarinyar ta zo duba shi, ya ce ƙishirwa yake ji. Ta ɗauki moɗarsa ta ce, "Bari in ɗebo maka, yanzu zan dawo." Tana wajen randa aka yi shelar shiga jirgi. Uwarta ta fizgi hannunta cikin turmutsutsu. Sai da ƙasa ta fara nisa ta lura moɗar na hannunta, cike da ruwa.

Sitti ta tsaya a nan, ta shiga juya garwashi.

Ƙanwata Zainab ta ce, "U ba'den, ya Sitti? Sai me ya faru?"

"Babu ba'den, 'yar nan. Jirgi ya tafi."

Na ce, "Ta manta da shi?"

"A'a. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta yi dariya mai yawa a duniya. Amma ba ta manta ba. Kai ma kada wani ya ce maka ƙaramin abu ne don kai ƙarami ne. Yi kukanka, sannan ka sha shayi."

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba. Aka kira Isha'i, muka sauka.

Rakiya ban sake jin ɗuriyarta ba, kuma gaskiya yau sai na yi da ƙyar nake tuna fuskarta. Sitti ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. A zaman makoki ne Gwaggo Hauwa, babbar 'yarta, ta tambaye ni ko na san abin da ya sa duk lokacin aikin Hajji tsohuwar ke sa a kai ta masaukin alhazan Nijeriya. Na ce ai hira take so, ni kaina na sha raka ta, ina jin haushin yadda take tare kowane tsoho tana cewa, "Alhaji, daga wane gari?" Gwaggo ta girgiza kai. Ta ce wani Ɗanlami take nema, yaron da ta bari kwance a Sawakin, ko wanda ya san danginsa, ta ji ko ya tashi daga ciwon nan. Har ta koma ga Allah ba ta samu wanda ya san shi ba.

Na daɗe ina ɗaukar darasin wannan maraice a kan kaina: cewa zuciyar yaro ma zuciya ce, kuma akan rayu da rashi ba tare da an warke sarai ba. Da shi nake renon 'ya'yana, ba na dariya in sun yi kuka kan abin da nake gani ƙarami. Sai da na manyanta na ga ɗaya gefen. Tsohuwa ta buɗe ciwon da ta ɓoye tun tana yarinya don ta lallashi jikanta, ta faɗe shi da harshen da rabinsa kawai muke ji. Mu bakwai ne a gaban wutar nan. Muka shanye shayinmu, muka sauka, babu wanda ya ce mata sannu.